Garuruwan da ƙuri'a ke yanke ko ɗan sanda zai zo

Wata Asabar cikin watan Agusta na 2012, tun gari bai gama wayewa ba, wata mata a gundumar Josephine da ke kudancin jihar Oregon ta Amurka ta buga lambar gaggawa ta 911. Tsohon saurayinta ne yake ƙoƙarin ɓalle mata ƙofa, kuma ta shaida wa masu amsa kiran cewa 'yan makonni kafin nan ya yi mata dukan da sai da ta kwanta asibiti. Aka tura kiran ga 'yan sandan jiha, domin jami'an gundumar ba sa aiki a ƙarshen mako. Ma'aikaciyar da ta ɗauki wayar ta gaya mata gaskiya: ba ta da wanda za ta turo. Ta tambaye ta ko za ta iya ce masa ya tafi. Sun yi minti goma suna magana, ita tana neman agaji, waccan tana ba ta shawara. A ƙarshe mutumin ya shiga gidan, ya shaƙe ta, ya ci zarafinta. An kama shi daga baya, kuma ya amsa laifinsa a kotu. Da gidajen rediyo suka saki faifan muryar a 2013, ƙasar gaba ɗaya ta ji.

Ba sakaci ne ya hana ɗan sanda zuwa ba. Wata uku kafin wannan rana, a watan Mayu, an tambayi mutanen gundumar ta hanyar ƙuri'a ko sun yarda a ƙara musu harajin gidaje da filaye domin a biya jami'an tsaro, suka ce ba su yarda ba. Sai aka sallami mafi yawan masu sintiri, aka rufe sashen binciken manyan laifuffuka, aka saki fursunoni 39 daga gidan yari saboda babu gandirobobin da za su tsare su. 'Yan ƙalilan ɗin da suka rage suka koma aikin awa takwas a rana, Litinin zuwa Juma'a. Ofishin shugaban tsaron gundumar, wanda can ake kira sherif kuma jama'a ke zaɓensa, har sanarwa ya fitar yana shawartar matan da ke fuskantar barazana daga mazajensu da su yi tunanin komawa yankin da ke da isassun jami'ai.

Ga mai karatu a Kano ko Maraɗi, inda albashin ɗan sanda ke fitowa daga babban birnin ƙasa, wannan zai yi kama da almara. Amma haka tsarin yake a Amurka. Babu rundunar 'yan sanda guda ɗaya ta ƙasa mai sintiri a tituna. Akwai hukumomin tsaro kusan 18,000, kuma mafi yawansu na birane ne da gundumomi, wasu ma jami'ansu ba su kai goma ba. Birni shi ke ɗaukar ɗan sandansa, shi ke saya masa mota da mai, shi ke biyan fanshonsa. Kuɗin kuwa daga hanyoyi biyu suka fi fitowa: harajin gidaje da filaye, da harajin da ake ɗora wa kayan da aka saya a kanti.

A jihohi da yawa majalisar birni ba ta da ikon ƙara waɗannan haraji ita kaɗai. A California, ƙudurin da aka fi sani da lamba 13, wanda jama'a suka amince da shi a 1978, ya ƙayyade harajin gida a kashi ɗaya cikin ɗari na darajarsa, ya kuma ce harajin da aka keɓe domin wani aiki na musamman sai ya samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. A Colorado, dokar da aka saka cikin tsarin mulkin jiha a 1992 ta hana kowace hukuma ƙara haraji sai an tambayi masu zaɓe. A Oregon, ƙudurorin 1990 da 1997 sun daskarar da harajin dindindin na kowace gunduma a inda yake, duk mai son ƙari sai ya je gaban jama'a, kuma amincewar ba ta wuce shekara biyar idan kuɗin na gudanar da aiki ne. Shi ya sa a waɗannan wurare za ka ga shugaban 'yan sanda yana yawo daga taron unguwa zuwa taron 'yan kasuwa da takardun kasafi a hannu, yana kamfen kamar mai neman kujera.

Katako ya ƙare, lissafi ya fito

Labarin Josephine ya samo asali ne daga daji. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar gundumar mallakar gwamnatin tarayya ce, kuma ba a karɓar haraji a kan ƙasar tarayya. A madadin haka, wata doka ta 1937 ta tanadi cewa gundumomi 18 na yammacin Oregon za su riƙa samun kaso daga kuɗin katakon da ake sara a waɗannan dazuzzuka. Shekara da shekaru kuɗin na shigowa, har gundumar ba ta ga dalilin takura wa mutanenta ba. Harajinta na dindindin ya tsaya a kusan santi 58 a kan kowace dala dubu ta darajar gida, mafi ƙanƙanta a duk jihar. Mai gidan da aka yi wa kuɗi dala 200,000 abin da yake ba gunduma a shekara bai kai dala 120 ba.

A 1990 aka saka wata mujiya mai ɗigo-ɗigo da ke zama a irin waɗannan dazuzzuka cikin jerin halittun da ke fuskantar ɓacewa, a 1994 kuma gwamnatin Bill Clinton ta fito da tsarin kare dazuzzukan arewa maso yamma. Saran itace a ƙasar tarayya ya faɗi warwas. Majalisar dokokin ƙasa ta kawo tallafin wucin gadi a 2000, ana sabunta shi ana rage shi, har ya zama ba abin dogaro ba. Gundumar ta wayi gari da harajin zamanin yalwa, alhali yalwar ta tafi, dokar jiha kuma ta hana ta ɗaga shi sai da izinin masu biya.

Masu biyan kuwa suka ƙi, ba sau ɗaya ba. Sun ƙi a 2012, suka ƙi a 2013, haka a 2014 da 2015 da 2016. Yana da sauƙi a kira su marowata, amma hujjojinsu ba na banza ba ne. Da yawa tsofaffi ne masu zaman fansho, gida suke da shi, ba kuɗi ba, kuma harajin gida ba ya tambayar abin da ke aljihunka a wannan wata. Wasu suna ganin gwamnatin tarayya ce ta karya alkawari, ita ya kamata ta biya. Wasu kuma ba su amince da shugabannin gundumar ba, suna zargin ana tsorata su ne da rage jami'ai domin a tatse su. Akwai kuma masu cewa bindigar da ke gida ta fi ɗan sandan da zai iso bayan awa guda. A wasu ƙauyuka mutane suka kafa ƙungiyoyin sintiri na sa-kai, suna zagayawa da motocinsu da dare, wasu ɗauke da makamai. Wanda ya san yadda 'yan banga suka samo asali a garuruwanmu ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne Grants Pass, hedikwatar gundumar, birni mai mutane kusan 39,000. A daidai shekarun da ƙauyuka ke watsi da harajin tsaro, mutanen birnin suna sabunta nasu a kai a kai, dala 1.79 a kan kowace dala dubu, domin 'yan sandansu da 'yan kwana-kwana. Mai gidan dala 200,000 a cikin birni yana biyan dala 358 a shekara a kan wannan kaɗai. Don haka hanya ɗaya, gidaje biyu, tazarar 'yan kilomita: ɗaya na cikin iyakar birni, idan ya kira ana zuwa, ɗaya na waje, sai ya jira Litinin. Sai a watan Mayu na 2017 gundumar ta amince da santi 93 na tsawon shekara biyar, kuma ba a samu hakan ba sai da aka taƙaita buƙatar ga gidan yari da wurin tsare yara masu laifi. A watan Nuwamba na 2023 ne masu zaɓe suka yarda da haraji na dindindin domin sintiri. Shekara goma sha ɗaya ke nan bayan ƙin farko.

Abin da aka rubuta a takardar ƙuri'a

Idan Josephine ta nuna abin da ke faruwa in an ce a'a, California tana nuna cewa "i" ma ba ta kashe magana.

A 2004 mutanen Oakland suka amince da ƙudurin da aka yi wa laƙabi da Y. Haraji ne iri biyu: wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane gida ko fili, dala 88 ga gidan iyali guda, da ƙarin kashi 8.5 cikin ɗari a kan kuɗin ajiye mota a wuraren haya. An yi alkawarin ƙarin 'yan sanda 63 da za su riƙa kula da unguwanni, sauran kuɗin kuma ya tafi ga shirye-shiryen raba matasa da tashin hankali da kuma 'yan kwana-kwana. Masu tsara ƙudurin sun san abin da jama'a ke tsoro, wato a karɓi sabon haraji a zuba wa 'yan sanda, sannan a zare tsohon kuɗin da ake ba su a kai wani wuri. Idan aka yi haka, kamar a zuba ruwa ne a tulu ta sama alhali an huda shi ta ƙasa. Sai suka saka sharaɗi: birni ba zai karɓi harajin ba sai ya ci gaba da ware kuɗin jami'ai 739 daga kasafinsa na yau da kullum.

Sharaɗin ya yi aiki har zuwa ranar da aka fi bukatarsa. Bayan durƙushewar tattalin arziki na 2008, Oakland ta sallami 'yan sanda 80 a watan Yuli na 2010, adadin ya faɗi ƙasa da abin da aka gindaya, harajin ya tsaya. Majalisar birni ta koma wa masu zaɓe a watan Nuwamba ta ce su cire sharaɗin, in ba haka ba a rasa kuɗin gaba ɗaya, har da na shirye-shiryen matasa. Suka cire. Mutum na iya cewa an yi musu wayo. Yana kuma iya cewa aƙalla an dawo an tambaye su, ba a yi gaban kai ba. Ni ina ganin duka biyun gaskiya ne. Kuma ba su yi fushi sun juya baya ba: a 2014 sun sabunta harajin da sabon sharaɗi na jami'ai 678, inda kashi 60 na kuɗin ke zuwa ga 'yan sanda, kashi 40 ga ayyukan hana tashin hankali, a 2024 kuma suka sake sabuntawa.

Wannan rabo na 60 da 40 ba lissafin ƙwararru ba ne, sulhu ne na siyasa. A birni irin Oakland, inda rundunar 'yan sanda ta shiga ƙarƙashin sa idon kotun tarayya a 2003 saboda cin zarafin jama'a, ba za ka samu kashi biyu cikin uku ba idan kuɗin na 'yan sanda ne kaɗai. Ba za ka samu ba kuma idan na ƙungiyoyin unguwa ne kaɗai. Tsananin sharaɗin ƙuri'ar shi ya tilasta wa ɓangarorin da ba sa ga maciji zama a tebur ɗaya, kuma wannan, a ganina, shi ne alfanu mafi girma da tsarin ya haifar.

Stockton ta bi wata hanyar. Birnin, mai mutane kusan 300,000, ya bayyana fatarar kuɗi a watan Yuni na 2012, bayan ya rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan sandansa. A wannan shekarar an kashe mutum 71, adadin da birnin bai taɓa gani ba. Shugabanni sun san kashi biyu cikin uku zai yi wuya, sai suka raba tambayar gida biyu a zaɓen Nuwamba na 2013. Ta farko: a ƙara kashi 0.75 cikin ɗari a harajin saye, kuɗin ya shiga babban asusun birni. Tun da ba a keɓe shi ga wani aiki ba, rinjaye kawai yake bukata, kuma da ƙyar ya same shi. Ta biyu: shin kuna ba da shawarar a kashe kashi 65 na kuɗin a kan tsaro, ciki har da ɗaukar sababbin 'yan sanda 120? Wannan shawara ce kurum, ba ta ɗaure kowa a doka. Mai zaɓe ya shiga rumfa yana ganin harajin 'yan sanda ya amince da shi, alhali a takarda harajin komai da komai ne.

Ko da niyyar shugabanni ta yi kyau, akwai abin da ƙuri'a ba ta iya saya. Stockton ta yi ta ɗaukar jami'ai, tana horar da su, suna samun gogewa suna komawa biranen da ke maƙwabtaka inda albashi ya fi tsoka. An ɗauki shekaru ana ɗauka ana rasawa kafin a kusanci adadin da aka yi alkawari.

Wa ke biya, wa ke amfana

Nau'in harajin ma magana ne. Harajin saye ya fi sauƙin wucewa a akwatin zaɓe, domin ba ya zuwa a dunƙule, kuma baƙi masu shigowa sayayya suna taya biya. Oklahoma City tana da irinsa tun 1989 domin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Fort Worth ta jihar Texas ta kafa nata na rabin santi a kan kowace dala a 1995, kuma a watan Yuli na 2020, 'yan makonni bayan kisan George Floyd, lokacin da ake zanga-zangar neman a rage kuɗin 'yan sanda a faɗin ƙasar, masu zaɓe suka tsawaita shi da shekara goma. Amma nauyinsa ya fi sauka a kan talaka, wanda duk abin da ya samu a kanti yake ƙarewa. Shi ma ƙayyadadden kuɗi a kan kowane gida, irin na Oakland, bai bambanta ƙaramin gida a unguwar marasa ƙarfi da katafaren gida a kan tudu ba.

Sannan ra'ayin jama'a ba ya zama wuri ɗaya. Colorado Springs ta amince da harajin saye na kashi 0.4 domin tsaro a 2001. A 2009 ta ƙi ƙarin harajin gidaje, birni ya kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na fitilun tituna, ya sa jiragen 'yan sanda masu saukar ungulu a kasuwa. A 2023 kuma aka roƙi mazauna su bar wa birni dala miliyan 4.75 da doka ta ce a mayar musu, domin fara gina makarantar horar da 'yan sanda, suka ce a ba su kuɗinsu. Shugaban rundunar da bai san abin da zai samu bayan shekara biyar ba, da wuya ya tsara ɗaukar ma'aikacin da zai yi shekara ashirin da biyar yana aiki.

Duk da haka, kafin a yi Allah wadai da tsarin, a dubi abin da ke maye gurbinsa idan babu shi. Rahoton da ma'aikatar shari'a ta Amurka ta fitar a watan Maris na 2015 kan garin Ferguson na jihar Missouri ya nuna yadda shugabannin gari suka mayar da 'yan sanda da kotu hanyar tara kuɗi, ana matsa wa jami'ai su yawaita rubuta tara, kuma baƙaƙen fata ne suka fi shan wahalar. Ɗan sanda dole a biya shi. Idan ba a biya shi da harajin da aka tattauna a fili ba, za a biya shi da wanda ake karɓa a bakin titi ba tare da an tambayi kowa ba. Ba sai an yi wa direban da ke bin hanyar Kano zuwa Legas dogon bayani a kan wannan ba.

Inda maganar ta shafe mu

Arewacin Nijeriya ya taɓa sanin ɗan sandan da harajin gari ke biya. 'Yan dokan En'e daga baitulmali ake ba su albashi, baitulmali kuwa da haraji da jangali ake cika shi. Bambancin shi ne ba a taɓa tambayar mai biya ba, kuma magoya bayan jam'iyyar NEPU sun ɗanɗana yadda ɗan doka ke zama sandar mai mulki. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta haɗe su cikin rundunar ƙasa a ƙarshen shekarun 1960. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, kuma suna da hujja. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce babu wata rundunar 'yan sanda sai ta ƙasa. Tsarin mulkin bai tanadi ƙuri'ar raba-gardama a kan haraji ba. Ya ambace ta ne a batutuwa irin su ƙirƙirar jiha da kiranye ga ɗan majalisa.

Amma a aikace mun daɗe muna biyan harajin tsaro na unguwa, sunansa ne kawai daban. Kuɗin sintiri da ake bi gida gida ana karɓa a ƙarshen wata haraji ne, kuma kowa ya san yadda yake tafiya: layin da ke da masu hali yana da ƙofa da masu gadi da fitila, layin bayansa yana da usur da tocila. Jihohi ma sun shiga. Legas ta kafa asusun tsaro a 2007, Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a farkon 2024. A matakin ƙasa, dokar asusun 'yan sanda ta 2019 ta ware kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin da ke shiga asusun tarayya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka kai gaban masu zaɓe, babu kuma wanda ya zo da sharaɗi irin na Oakland mai cewa idan adadin jami'ai ya faɗi, karɓar kuɗi ta tsaya.

Muhawarar 'yan sandan jihohi ta fi karkata ga tsoron kada gwamnoni su yi amfani da su a kan 'yan adawa, kuma tarihin 'yan doka ya nuna tsoron ba na wasa ba ne. Maganar kuɗi ce ba a cika tsayawa a kanta ba. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna Legas ta tara sama da naira biliyan 800 a cikin gida a 2023, yayin da Taraba da Yobe da Kebbi ba wadda ta kai biliyan 12. Wuraren da suka fi bukatar jami'ai, ƙauyukan da 'yan bindiga suka hana noma, su ne ba su da abin da za a ɗora wa haraji. Jihar da ke jiran kason Abuja kafin ta biya malaman firamare, idan aka ba ta runduna mai bindiga, watan da kason ya makara jami'anta za su nemi albashinsu a wani wurin. Duk gyaran tsarin mulkin da zai ba jiha ikon kafa runduna ya kamata ya faɗi asusun da albashin zai fito, da mafi ƙarancin abin da tarayya za ta cika wa jihohi marasa ƙarfi, da wanda zai binciki littafin kuɗin ya buga sakamakon kowace shekara.